Kullum a ce taifot ne, cikina kuma ya ƙi lafawa

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, shekaruna 29, 'ya'yana uku. Tun daminar bara da na yi wata gudawa mai tsanani da zazzaɓi cikina bai koma daidai ba. Da na ci abinci sai ya kumbura ya yi ta ƙugi, iska ta dame ni har alwala ba ta zama. Wani makon zawo, wani makon sai in kwana uku ban zaga ba, ga ƙwannafi. Duk sanda na koka sai maigidana ya kai ni gwaji a ce taifot ne, ko ya biya kemis ya haɗo min Cipro da Flagyl. Kusan duk wata biyu sai na sha. In ji sauƙi kwana biyu abin ya dawo, yanzu har da ƙaiƙayin gaba, an ce sanyi ne. Hajiya mahaifiyarsa ta ce basir ne, tana aiko min da jiƙo da jar kanwa, idan ban sha ba ta ce na raina ta. Shi kuma ya fara cewa ni kullum ba lafiya, kuɗinsa sun ƙare a magani. Na daina zuwa biki da Islamiyya don kunya. Autata mai wata 14 ita ma idan ta yi zawon haƙori Flagyl ake ba ta. Na ga wata a Facebook tana sayar da shayin wankin ciki da kafson da ta ce yana dawo da ƙwayoyin hanji masu amfani. In sayar da 'yan kunnena in saya?

Wata baiwar Allah, Katsina

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Ki bar 'yan kunnenki inda suke. Babu wani datti da ya taru a cikinki da za a wanke. Abin da labarinki ya nuna shi ne an yi ta wanke cikin har ya gaji.

Na kuma ji inda ya fi sosa miki rai. Irin wannan lalurar ba ta kwantar da mutum, kina girki kina shara kina shirya yara makaranta, sai mai kallon ki ya ɗauka raki ne. Ciwo ne da likitoci suka san shi, kuma yawancin masu shi suna samun sauƙi sosai idan aka bi shi ta inda ya dace. Wasiƙa ba ta maye gurbin a kwantar da ke a taɓa ciki a duba, amma zan faɗa miki abin da na fahimta da abin da za ki nema idan kin je.

A jikin kowane babban mutum mai lafiya akwai ƙwayoyin bakteriya masu rai da aka ƙiyasta kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji, nauyinsu wajen giram 200. Haka Allah Ya halicce mu da su, kuma aiki suke yi. Akwai ɓangaren abinci da tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkarwa, wato harzar da ke cikin gero, dawa, wake da ganye. Idan ta gangara babban hanji sai ƙwayoyin nan su ci ta, su fitar da wasu sinadarai, mafi muhimmanci a zancenmu shi ne butiret. Da shi fatar cikin babban hanji ta fi rayuwa, yana kuma taimaka mata ta riƙa fitar da majinar da ke lulluɓe ta. Ki ɗauki fatar nan da majinarta kamar ganuwar Katsina ta da: a waje ga jama'a iri-iri, na kirki da ɓata-gari, ba a shiga sai ta ƙofa, a bayan ƙofa kuma ga dakaru. Dakarun su ne ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma kaso mai yawa daga cikinsu a bangon hanji suke zaune. Bakteriya masu amfani ne ke koya wa garkuwar nan, tun muna jarirai, ta bambance abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale. Suna sa ta fitar da kariyar da ke kama ƙwayar cuta tun tana cikin majina, suna kuma tausasa ta kada ta riƙa tada kumburi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Inda suka yi yawa, ƙwayar cuta ba ta samun wurin zama ko abin ci.

To, Cipro da Flagyl magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma ba sa tantance masu amfani da masu cutarwa. Flagyl musamman ya ƙware ne a kan ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iskar oksijin, kuma irinsu ne suka fi yawa a babban hanji, har da masu haɗa butiret ɗin. A wani bincike da aka yi a Denmak aka wallafa a 2018, an ba maza 12 masu lafiya haɗin maganin kashe ƙwayoyin cuta iri uku na kwana huɗu kacal. Sai da hanjinsu ya ɗauki kimanin wata ɗaya da rabi kafin ya kusa komawa yadda yake, kuma bayan wata shida akwai nau'i tara na bakteriya da ba su dawo ba a yawancinsu. Ke kuwa duk wata biyu ake maimaita miki. Sauƙin kwana biyun nan ma yana da dalili: an rage masu haɗa iska na ɗan lokaci sai ciki ya saɓe, idan suka sake yaɗuwa abin ya dawo. Ƙaiƙayin gaban ma ina kyautata zaton daga nan ya samo asali. Gaban mace yana da nasa bakteriyar masu tsare shi, idan magani ya share su sai wani fangas ya yi yawa ya kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai guda-guda. Idan aka ƙara wani kafson da sunan maganin sanyi, garin neman ƙiba ne aka samo rama. Maganinsa daban ne kuma mai sauƙi, amma a duba a tabbatar tukuna.

Taifot ciwo ne na gaske, yana huda hanji yana kisa, ba na so ki raina shi. Sai dai yana zuwa ne da zazzaɓi mai hauhawa da ke kwanaki bai sauka ba, da ciwon kai da kasala mai kayar da mutum. Ba ya shekara yana kumbura ciki babu zazzaɓi. Gwajin Widal da aka fi yi mana tsoho ne tun na 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da garkuwar jiki ta bari a jini yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifot, ko ya taso inda ake yawan cuɗanya da ƙwayar, ko yake fama da maleriya, gwajin yana iya cewa akwai alhali babu. Idan da gaske ana zargin taifot, jini ake ɗauka kafin a fara magani, a raine shi kwanaki a lab a ga ko ƙwayar za ta fito.

Abin da ya fi kama da labarinki shi ne lalurar da asibiti ke kira IBS, hanji mai saurin harzuƙa, irin wadda ke biyo bayan gudawa mai tsanani. Kimanin mutum ɗaya cikin goma da suka yi irin gudawarki ta damina suna gamuwa da ita, mata sun fi maza, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara yiwuwarta. Cutar farko ta wuce amma ta bar jijiyoyin hanji a farke, iskar da wata ba za ta ma ji ba ke sai ta zame miki murɗa, motsin hanjin kuma ya rikice, yau sauri gobe nawa. Ba ta cin hanji, ba ta rikiɗa ta zama kansa. Amma ba a yanke cewa ita ce sai an kawar da wasu.

Saboda haka ki je sashen masu ganin likita su koma gida a Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Idan kina ganin jini a bayan gida, ko ya yi baƙi ƙirin alhali ba kya shan maganin ƙarin jini, ko kina ramewa, ko zawo yana tada ki cikin dare, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ko amai ya ƙi tsayawa, ko akwai wanda ya yi kansar hanji a danginki, kada ki jira mako ya zagayo. Haka zawo mai ruwa sau da yawa a rana da zazzaɓi bayan an sha irin magungunan nan, a ranar ake kai shi. Idan babu ko ɗaya, ki nemi a auna yawan jininki, a duba bayan gida don tsutsar ciki da amiba da jiyadiya. Wannan ta ƙarshe tana kawo kumburi da gyatsa mai wari, kuma wani lokaci sai an kai bayan gida har sau uku ake kama ta. Idan likita ya ƙara gwajin juna biyu, sikari ko HIV, ƙa'idar aiki ce, kada ki ji an zarge ki. Ki tattara duk kwalayen magungunan da kika sha a leda ki tafi da su, har da jiƙon Hajiya.

Ƙwannafin kuma yana buƙatar nasa gwajin. Yawancin gyambon ciki da muke ɗora wa yunwa da yaji, wata bakteriya ce mai suna Helicobacter pylori ke kawo shi, ko magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, ibufurofen da asfirin. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Gwajin bayan gida ko na numfashi ya fi na jini, domin na jini ba ya bambance wadda ke nan da wadda ta wuce. Ga inda ake yawan kuskure: sai kin yi mako huɗu ba ki sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, da mako biyu ba ki sha omefrazol, maganin rage tsamin ciki, da danginsa ba, in ba haka ba gwajin zai ce babu alhali ɓuya ta yi. Idan aka same ta, za a ba ki haɗin magani na kwana 14 wanda shi ma akwai masu kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Wannan kam ki sha shi har ƙarshe, ki sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa. Ki gaya wa likitan yawan Flagyl ɗin da kika sha, don yana iya sa ƙwayar ta daina jin sa, sai a canza haɗin.

Yanzu tukunya, inda mafi yawan aikin yake. A 2010 an kwatanta hanjin yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Fulorans na Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya, sun kuma fi yawan sinadaran nan irin su butiret. Abincinsu kuwa shi ne wanda muka taso da shi kafin farar shinkafa da taliyar leda da burodi su mamaye kwanonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan giram 11, kofin farar shinkafa bai kai giram ɗaya ba.

Amma kada ki tashi gobe ki cika kwano da wake, cikinki zai yi miki bore ki ce na yaudare ki. Hanji irin naki ya fi jure harza mai yauƙi, don haka ki fara da miyar kuɓewa, kuka, karkashi ko lalo sau ɗaya a rana, da tuwon gero ko dawa da ba a surfe shi ƙal ba. Bayan mako guda ki shigo da wake cokali biyu ko uku, wanda aka jiƙa ya kwana, aka zubar da ruwan, aka dafa ya yi luguf. Ki riƙa ƙarawa kaɗan duk mako. Kwaɗon zogale ko rama ɗan kaɗan, gwanda, ayaba da lemon zaƙi. Dusar alkama ki bar ta, tana ƙara wa masu wannan lalurar kumburi. Ɗumame ma da ake rainawa yana da amfani: tuwon da ya huce ya kwana, wani ɓangaren sitacinsa yana taurare ya wuce har babban hanji ya zama abincin bakteriya, muddin an ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, fiye da haka a bazara, domin harza babu ruwa ƙara taurin bayan gida take. Idan na 'yan garuwa ne, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a adana a mazubi mai murfi. Wata gudawar a yanzu za ta mayar da ke baya.

Kindirmo yana da bakteriya masu amfani, kuma tsaminsa ya rage sikarin madarar da ke kumbura wa wasu ciki. Ki fara da rabin kofi a rana, na madarar da aka tafasa kafin a kwantar. Haɗarin fura da nono ya fi zuwa daga ruwan da aka sirka da ƙanƙarar da aka jefa, don haka ki dama da kanki a gida.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda cikin ya yi. Masu binciken Jami'ar Monash a Ostireliya sun nuna cewa wasu abinci suna saurin tsami a hanji su tara iska: albasa, tafarnuwa, alkama, madara, mangwaro, kankana, zuma. Ki janye waɗanda kika fi zargi na mako biyu zuwa huɗu, sannan ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku tsakani, ki ga wanne ne. Kada ki bar su duka har abada, bakteriyar ma suna buƙatar su. Lemon kwalba da cingam kuwa iska ce kawai kike haɗiya.

Kayan Facebook ɗin: irin shayin nan galibi filasko ne ko danginsa. Yana tilasta wa hanji murɗawa, a yi zawo a ce datti ne ya fita, alhali ruwa ne da gishirin jiki. Kafson bakteriya kuma, wasu nau'o'insa sun nuna amfani wajen rage zawon da ke biyo bayan magani, amma a kan lalura irin taki hujjar ba ta yi ƙarfi ba, kuma ƙwayoyi ne masu rai da zafin Katsina ke iya kashewa tun a hanya. Idan bayan gwaji kina son gwadawa, ki sayi iri ɗaya mai lambar NAFDAC a kantin magani mai rajista, ki sha wata ɗaya, idan babu canji ki bari.

Sai mutanen gida. Maigidanki bai yi watsi da ke ba. Duk sanda kika koka ya tashi ya nemo abin da ya sani. Gajiyarsa ta mutumin da ya kashe kuɗi bai ga biyan buƙata ba ce. Wannan bai sa kalmar "kullum ba lafiya" ta zama daidai ba, kuma ya kamata ya san tana miki ciwo, amma ki zaɓi lokaci, ba sanda ya shigo da ledar magani a hannu ba. Bayan ya ci abinci ya huta ki ce masa: "Abban yara, na san ka yi ɗawainiya da ni, Allah Ya saka. Ina so mu daina sayen magani mu tara kuɗin mu ga likita sau ɗaya a yi gwajin da ya dace, kuma ina so ka raka ni ka ji da kunnenka." Rakiyar nan tana da muhimmanci, namiji ya fi karɓar irin wannan bayani daga bakin likita. Idan kuɗin ba su kai duka ba, a fara da ganin likita da gwajin jini da na bayan gida, sauran su biyo baya. Idan ya ƙi, ki nemi izininsa ki je da yayarki ko mahaifiyarki, ko ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku su ba ki takardar turawa.

Hajiya kuma jinya take yi miki da abin da ta gada. Basir kumburin jijiyoyin dubura ne, yunƙurin taurin bayan gida yana iya kawo shi, amma ba shi ke kumbura ciki ba. Kanwa tana kashe ƙwannafi na ɗan lokaci, sai dai idan ta haɗu da ruwan tsamin tumbi iska take fitarwa, ga gishiri mai yawa da ke tada hawan jini. Jiƙo kuma ba a san adadin abin da ke ciki ba, da yawansu masu sa zawo ne. Kada ke ki yi musu da ita. Ɗanta ne zai ce mata: "Hajiya, an ce a dakatar da komai, har na kemis, sai an gama gwaji." Gaskiya ce, kuma ba a ware nata kaɗai ba. Ke kuma ki roƙe ta garin kuka mai kyau da karkashi da daddawa, ki ce ta koya miki yadda ake kaɗa su a gidansu. A wannan fannin ta fi mu sani, kuma za ta ga ba a fitar da ita daga jinyar ba.

Autarki ta fi ba ni damuwa, domin bakteriyar hanjin yaro ba sa daidaita sai wajen shekara uku, kuma a shekarun nan garkuwarsa ke koyon aiki. Fitar haƙori ba ta kawo zawo mai yawa. Lokacin ne dai yaro ke kai komai baki. Yawancin zawon yara ƙwayar bairos ce ke kawo shi, ba bakteriya ba, Flagyl ba ya taɓa ta. Abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sikari na leda, a haɗa yadda aka rubuta a jiki, a ba ta mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, da zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Idan akwai jini, ko idonta ya faɗa, ko ta ƙi kama nono, ko tana aman komai, asibiti kai tsaye. Ki duba katinta ko ta samu rigakafin rota, wato na bairos ɗin da ke kawo zawon yara, wanda aka shigar cikin na yara a Najeriya a 2022.

Maganar alwala ki kai wa malamarku, akwai sassauci a fiƙihu ga mai lalurar da iska ke yawan kuɓuce masa. Ki koma Islamiyya, ki ci abu mara nauyi awa biyu kafin ki fita, ki zauna kusa da ƙofa. Hanji da ƙwaƙwalwa suna da jijiyoyin da suka haɗa su, damuwa da zaman kaɗaici suna ƙara murɗar, tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 kuma tana taimaka wa iska da bayan gida su sauka.

Ki ba wannan tsarin mako shida zuwa takwas. Makon farko da na biyu iska tana iya ɗan ƙaruwa kafin ta ragu. Idan wa'adin ya cika babu canji, ki koma wa likitan da littafinki, akwai magungunan sassauta murɗar hanji da na daidaita bayan gida. Wani lokaci ana ba da amitiriftilin ɗan kaɗan, miligiram 10 da dare. Idan kika ji an ce asalinsa maganin damuwa ne kada ranki ya ɓaci, a wannan adadin jijiyoyin hanji ake kwantarwa da shi. Ki dai sanar da likita idan har yanzu kina shayarwa ko kina sa ran wani cikin.